“Ya shiga?”: Waya, taransifa da cin abinci a Titin Ibrahim Taiwo da Sabon Gari

Duk wanda ya saba cin abinci a waje a Kano ya san wannan tambaya. An ci an ƙoshi, an wanke hannu, sai mai saye ya tsaya gaban kanta riƙe da wayarsa, mai abinci ita ma riƙe da tata. “Hajiya, ya shiga?” “Bai shigo ba tukuna, ɗana.” A shekarun baya canji ake jira a daidai wannan lokaci. Yanzu alat ake jira.

Mintuna biyu ko biyar ɗin da ake yi a tsaye ba ƙaramin abu ba ne. Mai saye yana jin idon mutane a kansa, kamar wanda ya ci abinci ba shi da kuɗin biya. Mai abinci kuma tana tuna ranar da wani ya nuna mata rasit a waya ya tafi, kuɗi bai taɓa zuwa ba. Ɗaya yana tsoron zubewar mutunci, ɗaya tana tsoron karyewar jari, kuma sau da yawa duka biyun masu gaskiya ne.

Sana’ata rubuta manhaja ce, kuma abin da nake so mai karatu ya riƙe daga wannan maƙala guda ɗaya ne: abin da kake gani a fuskar waya hoto ne kawai na wani bayani da ke ajiye a wata kwamfuta mai nisa. Hoton zai iya tsufa, zai iya makara, kuma za a iya ƙirƙirarsa. Haka abin yake ga taswirar da ta kai ka gidan abincin, da bidiyon da ya kwaɗaita maka shi, da rasit ɗin da ka nuna bayan ka gama ci.

Unguwar da ba ta rabuwa da baƙi

Titin Ibrahim Taiwo ya ci sunan Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan soja na Jihar Kwara, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairun 1976 a yunƙurin juyin mulkin da ya yi ajalin Janar Murtala Muhammad. Titin ya ratsa tsakiyar hada-hadar kasuwancin Fagge. Kantin Kwari na gefensa. Kasuwar Singa, da Titin Beirut na masu sayar da wayoyi, da kasuwar ’yan canji ta Wapa duk ba su da nisa. Kasuwar Sabon Gari kuwa, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi, tafiyar ’yan mintuna ce a adaidaita sahu idan hanya ba ta cushe ba.

Ciyar da baƙo tsohuwar sana’a ce a wannan yanki. Tun kafin zuwan Turawa, Fagge zangon fatake ne a bayan ganuwa, inda ayarin raƙuma ke sauke kaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba da jimawa ba aka kafa Sabon Gari domin ma’aikata da ’yan kasuwar da suka zo daga kudu. Kwarori, wato ’yan Labanan da Siriya, suka buɗe kantuna a Fagge ta Kudu. Kowa ya zo da tukunyarsa.

Shi ya sa a tafiyar da ba ta wuce ta ƙafa ba za ka iya karya kumallo da waina da miyar taushe, ka ci garau-garau ko ɗanwake da rana, la’asar ta same ka gaban mai gurasa da tsire, da dare kuma ka zauna teburin mai shayi ana soya maka indomi da ƙwai. Idan ka tsallaka Sabon Gari wajen Titin Faransa ko Titin Ibo, ga sakwara da miyar agushi, ga amala, ga farfesun kifi mai yaji. A tsakani ga masu shawarma da gasasshiyar kaza, da gidajen abinci masu na’urar sanyaya ɗaki inda ’yan kasuwa ke kai manyan baƙinsu.

Masu cin abincin su ne yaran shago, da dillalai, da ’yan dako, da ma’aikatan banki, da ’yan sarin da suka zo daga Maraɗi, Damagaram, Chadi da Kamaru. A cikin unguwa mai abinci ta san mahaifinka, idan ba ka da kuɗi yau za ka kawo gobe. A nan kuwa yawancin masu saye ba ta taɓa ganinsu ba, ƙila kuma ba za ta sake ganinsu ba. Inda babu sanayya, dole hujjar biya ta zama mai ƙarfi.

Yadda aka koma taransifa

Ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin sun fara fita ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin sun koma banki, sababbin ba su wadata ba. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin, mutane sun shafe makonni suna sayen kuɗinsu da kuɗi a wajen masu POS.

Abincin sayarwa ba ya jiran gobe. Mai atamfa a Kwari zai iya rufe shago ya jira tsabar kuɗi ta dawo, amma wadda ta dafa tukunyar shinkafa dole ta sayar kafin dare. A wannan lokaci ne masu abinci da dama, har da waɗanda ba su taɓa shiga banki ba, suka rubuta lambar asusu a kwali suka manna a bango. Kamfanonin da suka fi amfana su ne OPay, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2018, da PalmPay da ya zo a 2019, da Moniepoint mai na’urorin POS. Tsabar kuɗi ta dawo daga baya, amma kwalin bai sauka daga bango ba.

Kafin ka bar gida: taswira da bidiyo

Matashi a yau yakan fara cin abinci da ido, a TikTok ko Instagram. Bidiyon masu zagaya gidajen abinci yana da amfani, domin ya sa an san wurare da dama da ke cikin lungu. Sai dai ka tuna abu biyu. Na farko, wasu daga cikin bidiyoyin talla ne da aka biya, ko da ba a faɗa ba, kuma farantin da aka zuba wa mai kyamara ba lalle ne ya yi daidai da naka ba. Na biyu, bidiyo ba ya tsufa a idon manhaja. Za ta iya kawo maka na bara kamar yau aka ɗauke shi, alhali farashin shinkafa da gas da mai ya sauya sau da yawa tun lokacin. Duba ranar da aka ɗora shi, sannan ka tambayi farashi kafin a zuba. Tambayar farashi ba rowa ba ce, gudun cinikin biri a sama ne.

Google Maps ma haka yake. Yawancin bayanan ƙananan gidajen abinci ba kamfanin ne ya rubuta su ba, masu wurin ne ko wasu masu amfani da taswirar suka shigar. Idan wanda ya shigar ya sa ana buɗewa ƙarfe 8 na safe zuwa 10 na dare, haka zai zauna har sai wani ya gyara. Taswira ba ta san cewa wurin yana rufewa lokacin sallar Juma’a ba, ko cewa da azumi sai dab da magariba ake buɗewa, ko cewa wasu wurare a Sabon Gari ba sa fitowa ranar Lahadi da safe. Ba kuma kullum take bambance gidan abinci zalla da wanda ke haɗe da mashaya ba. Idan da iyali ko baƙo za ka je, kira lambar da ke jikin wurin, ko ka duba hotuna da sharhin da aka ɗora kwanan nan.

Idan abokai za su same ka a can, kada ka wahalar da su da kwatancen “bayan masallaci, kusa da mai faci”. Tura musu wurin da kake ta WhatsApp. Haka nan za ka iya sauke taswirar Kano a wayarka tun a gida, domin GPS na aiki ko da data ta ƙare.

Batun odar abinci zuwa gida kuwa, manyan manhajoji da dama sun gwada sun janye. OPay ta dakatar da OFood a 2020, Jumia Food da Bolt Food suka rufe a Najeriya a ƙarshen 2023. A Kano oda da yawa ta WhatsApp da Instagram da kiran waya ake yinta, ka biya, ɗan aike ya kawo. Ma’ana babu wani kamfani a tsakani da zai riƙe kuɗinka har abinci ya iso. Kowa zai iya kwashe hotunan wani gidan abinci ya buɗe shafi da sunan da ya yi kama da nasa. A odar farko, ka nemi biya idan an kawo, ko ka ɗauko lambar daga jikin shagon da idonka.

Me ke faruwa idan ka danna “tura”?

A nan ne ake yawan samun saɓani, don haka bari mu bi kuɗin daki-daki. Idan bankinka daban ne da na mai abinci, saƙon yana bi ta wani kamfani mai suna NIBSS, wanda Babban Banki da bankunan kasuwanci suka mallaka. Tsarinsa na tura kuɗi nan take, wato NIP, ya fara aiki a 2011.

Da ka rubuta lambar asusu mai lamba 10, manhajarka za ta tambaya ta hannun NIBSS cewa asusun na waye, sai suna ya fito. Da ka sa lambar sirri, bankinka zai cire kuɗin daga asusunka, ya aika saƙo zuwa bankin mai abinci. Wancan bankin zai zuba kuɗin a asusunta, ya mayar da amsa cewa ya karɓa. Bayan an gama duk wannan ne ake aika alat na tes, kuma shi ta hannun kamfanin layin waya yake bi, hanyarsa daban.

Idan ka fahimci wannan, za ka ga inda matsala ke iya tsayawa. Kuɗi zai iya shiga amma tes ya makara, musamman a wuri mai cunkoso irin Kwari da tsakar rana, inda dubban wayoyi ke rububin turakun sadarwa kaɗan. Za a iya cire maka kuɗi amma bankin can bai amsa ba, sai ya maƙale a tsakani. Wani lokaci kuma manhajarka ta nuna an tura domin ta miƙa saƙon, alhali bankin mai karɓa bai kammala nasa aikin ba.

Idan kuwa ku biyun kamfani ɗaya kuke amfani da shi, misali OPay zuwa OPay, saƙon ba ya fita waje. A cikin kundin kamfanin ake rage naka a ƙara nata, shi ya sa ya fi sauri. Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga lambar asusu biyu ko uku a bango ɗaya. Zaɓi wanda ya yi daidai da naka idan akwai.

Kafin ka danna, karanta sunan da ya fito a bayyane. “Hajiya, sunan wa zai fito?” Sau da yawa asusun na ɗanta ne ko na mijinta, ba laifi, amma ita ce za ta tabbatar. Kwali a bango abu ne da kowa zai iya sauyawa, haka ma takardar lambar QR da ake mannawa a kanta. A manyan gidajen abinci kuma, idan ma’aikaci ya ba ka asusu mai sunan mutum maimakon sunan wurin, tambayi mai karɓar kuɗi tukuna.

Alat ɗin bogi

Wasu masu saye kan ji haushi idan sun nuna rasit aka ce su jira. Ga dalilin da ya sa bai kamata ka ɗauke shi a matsayin raini ba. Rasit ɗin da manhaja ke nunawa rubutu ne da launi da tambari. Wanda ya yi ’yan watanni yana koyon haɗa shafin intanet zai iya zana irinsa, ya sa sunan da ya ga dama da adadin da ya ga dama. Sikirinshot ya fi haka sauƙin gyarawa. Har tes ɗin banki ba hujja ba ce cikakkiya, domin sunan da ke fitowa a saman saƙon rubutu ne da mai aikawa ke sawa, kuma ’yan damfara kan yi ƙoƙarin kwaikwayonsa.

Hujja ɗaya ce tak: mai karɓa ta buɗe manhajarta, ko ta duba na’urar POS ɗinta, ta ga kuɗin a jerin abin da ya shigo. Wayar mai biya ba ta iya tabbatar da komai, komai kyan rasit ɗin da ke kanta. Saboda haka maganar da ta fi “ga shi na tura” amfani ita ce: “Hajiya, duba cikin asusun, kada ki jira tes.”

Ka kuma dubi abin ta gefensu. Ribar faranti ɗaya kaɗan ce idan an cire kuɗin shinkafa, nama, mai, gawayi ko gas, haya da ladan masu aiki. Mutum ɗaya ya ci ya gudu da rasit ɗin bogi, ribar faranti da yawa ta tafi. A wasu wurare ma yarinyar da ta kai abincin ko yaron da ke kan kanta ne ake cire wa daga albashi. Idan Madam a Sabon Gari ta ce “Oga, ka ɗan jira”, ba fuskarka take tuhuma ba, asarar da ta taɓa yi take gudu.

Akwai dabara mai sauƙi da ke kashe wannan rigima tun kafin ta tashi: ka biya lokacin da ka yi oda, ba bayan ka gama ci ba. Kafin ka cinye, kuɗin ya daɗe da shiga, kuma idan da matsala kana zaune za a gane ta, ba a tsaye a bakin ƙofa ba.

Idan an cire maka kuɗi amma bai shiga ba

Kada ka sake turawa nan take. Idan manhaja ta nuna cewa cinikin na kan hanya, mai yiwuwa ne ya shiga bayan wasu mintuna, sai ka zama ka biya sau biyu. Buɗe bayanin cinikin ka nemo lambar da ake kira Session ID. Lamba ce mai tsawo, guda 30, kuma da ita bankuna biyun ke gano inda kuɗi ya tsaya. Sikirinshot ba ya wadatar da ma’aikacin banki, wannan lambar yake nema.

Daga nan sai a yi magana ta fahimta. Ko dai ka biya ta wata hanya, da sharaɗin idan na farkon ya shiga za a mayar maka, ko kuma ka bar lambar wayarka da Session ID, ka dawo idan kuɗin ya dawo asusunka. Idan ka yi alƙawarin dawowa, ka dawo. Duk wanda ya saɓa irin wannan alƙawari, na bayansa ne zai sha tuhuma.

Idan da kati ka biya, na’ura ta ce bai yi ba amma an cire, karɓi takardar da ta fito ka ɗauki hotonta, domin rubutunta yana gogewa. Umarnin da Babban Banki ya fitar a 2020 ya ce a warware irin wannan matsala ta POS cikin awa 72. Bankinka za ka kai wa ƙorafi, ba mai abinci ba, ka kuma karɓi lambar ƙorafin. Idan an ɗauki makonni ba a warware ba, Babban Banki na da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna da ake ɗaukaka ƙara gare shi. Kafin ka sa lambar sirri a kowace na’ura kuma, dubi adadin da aka rubuta. Sifiri ɗaya ne tsakanin 3,000 da 30,000, kuma a lokacin cunkoso hannu na iya zamewa.

Hanya ta biyu da ’yan kuɗin caji

Kada ka fita da hanyar biya guda ɗaya. Idan data ta ƙi, USSD na aiki ko a ƙaramar waya, domin ba ya bukatar intanet: *737# na GTBank, *901# na Access, *894# na First Bank, *919# na UBA, *966# na Zenith, *955# na OPay. Ana cajin naira 6.98 a kan USSD na bankuna, don haka ka bar ɗan kati a layinka. Sannan ka ajiye tsabar kuɗin da za ta biya faranti ɗaya da kuɗin adaidaita. Ranar da sabis ya ɗauke gaba ɗaya, ita ce za ta fitar da kai.

A jadawalin Babban Banki na 2020, cajin taransifa tsakanin bankuna ya kasance naira 10 idan kuɗin bai wuce 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa 50,000, sai naira 50 idan ya haura, ban da harajin VAT. Akwai kuma harajin gwamnati na naira 50 a kan taransifar da ta kai 10,000. Wasu manhajojin kan yafe cajin farko a ’yan turawa kaɗan a rana. Idan kun je ku biyar, ya fi sauƙi mutum ɗaya ya biya gaba ɗaya, sauran su tura masa nasu daga baya, maimakon a tsayar da mai abinci tana duba alat biyar alhali layi na jiranta.

Wayar da ke kan tebur

Ƙwacen waya matsala ce da kowa a Kano ya sani, kuma wajen cin abinci na bakin titi da dare wuri ne da hankali ke rabuwa biyu. Kada ka ajiye waya a gefen tebur ta ɓangaren titi, kada kuma ka tsaya a bakin hanya kana yin taransifa. Shiga ciki ka gama, ka sa ta aljihu kafin ka fito.

Asarar da ta fi ta wayar ita ce ta layin da ke cikinta. Wanda ya cire layinka ya sa a wata waya zai riƙa karɓar saƙonnin bankinka, ya kuma gwada USSD. Maganin wannan shi ne ka sa wa layin kansa lambar sirri a cikin saitin waya, ta yadda ba zai yi aiki a wata waya ba sai da ita. Ka yi a hankali, domin kuskure uku na kulle layin sai an nemo lambar PUK. Danna *#06# ka rubuta lambar IMEI ɗinka a takarda a gida, ka kunna tsarin nemo waya na Google ko na iPhone, ka kuma san yadda ake rufe asusunka daga wayar wani. Kada ka ajiye lambar BVN ko lambar sirri a cikin jerin sunayen waya.

Idan kana ɗaukar bidiyo, abincinka za ka ɗauka. Mutanen da ke teburin kusa ba su zo don su fito a TikTok ba, musamman mata. Idan kuma za ka rubuta sharhi, faɗi abin da ka gani da ranar da ka je, kada ka ƙara gishiri. A 2023 wata mata a Legas ta rubuta ra’ayinta a Facebook kan wani tumatirin gwangwani, maganar ta kai ga kamu da shari’a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Ko ba don tsoron doka ba, rubutu ɗaya na fushi zai iya korar masu saye daga wurin da mutum goma ke cin abinci a ƙarƙashinsa. Fara kai ƙorafi wajen mai wurin.

Idan akwai mai sayar da abinci a gidanku

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi suna da uwa, ko goggo, ko yaya mai sana’ar abinci, kuma su ake kira duk lokacin da waya ta ƙi. Ga inda iliminka zai yi amfani.

Koya mata duba jerin kuɗin da ya shigo a cikin manhaja, ta daina dogara da tes ko da wayar mai saye. Raba mata asusun sana’a da na gida, domin ta san abin da ta sayar a rana. Duba matakin asusun: wanda ke mataki na farko ba ya riƙe fiye da naira 300,000, kuma idan ya cika kuɗin masu saye zai iya fara maƙalewa. Ɗaga shi na bukatar BVN da NIN da wasu bayanai, aikin da bai wuce na zama ɗaya ba idan takardu sun cika. Rubuta lambar asusu da sunan da zai fito da manyan baƙaƙe, a wurin da idonta ke kai. Idan ciniki ya yi yawa, na’urar POS da ke nuna taransifar da ta shigo za ta ba yaran shago damar tabbatarwa ba tare da sun riƙe wayarta ba.

Sa wurin a Google Maps kyauta ne. Ɗora hotunan gaskiya, da lambar da ake ɗagawa, da lokutan buɗewa, ka kuma riƙa gyara su idan azumi ya zo ko farashi ya sauya. WhatsApp Business ma kyauta ne, yana da wurin jera abinci da farashinsa, wanda zai rage tambayar “nawa ne?” sau hamsin a rana. Ka kuma ja mata kunne cewa babu ma’aikacin banki na gaskiya da zai kira ya nemi lambar sirri ko lambar da aka turo ta tes.

Ɗan sarin da ya sauka daga Maraɗi bai san kowa a Fagge ba. Abin da ya gani a wayarsa shi zai bi, kuma idan ya tarar da wurin a buɗe, farashi yadda aka rubuta, suna ya fito daidai, kuɗi ya shiga ba rigima, duk zuwan da zai yi Kwari nan zai ci abinci. Allah Ya ba kowa halalinsa.